Babi na Shida: Manzanni Huɗu a Ƙofar Ayuba

Ranar Lahadi 6 ga Maris, 2022, wadda ta zo daidai da Lahadin farko ta azumin Kiristoci, 'yan bindiga suka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a ƙaramar hukumar Sakaba, suka kashe fiye da mutum 60. Ba a tashi daga zaman makoki ba, ranar Talata 8 ga wata, sai aka gwabza a Kanya ta ƙaramar hukumar Danko/Wasagu, daidai lokacin da mataimakin gwamnan Kebbi na wancan zamani, Kanar Samaila Yombe Dabai mai ritaya, yake wurin tare da sojoji. Shi dai ya tsira. Jami'an tsaro kusan 20 ba su koma gida ba, galibinsu sojoji. Wanda ya san ƙasar Zuru ya san nauyin wannan labari. Ƙasa ce da da wuya ka shiga gida ba ka tarar da hoton wani cikin kaki rataye a bango ba. Ita ta haifi Janar Ishaya Bamaiyi, ita ta haifi Janar Sani Sami wanda ya ajiye kaki ya zama Sarkin Zuru. To idan soja da bindigarsa bai tsira a Kanya ba, ina ga manomi da garmarsa?

Tambayar da ke cin zukatan masu sujada daga Zuru zuwa Ribah, daga Dabai zuwa Dirin Daji, tsohuwa ce: Allah yana gani kuwa? In yana gani, yana kuma da iko, yana kuma ƙaunarmu kamar yadda ake wa'azi kowace Lahadi, me ya hana shi tsawatawa?

Mai karatu na iya cewa ai wannan ɗanyen aikin mutane ne, ba irin ambaliya ko fari ko guguwa ba, waɗanda babu hannun kowa a ciki. Da gangan na fara da Kanya, domin littafin da Kiristoci suka fi buɗewa in masifa ta sauka bai yi wannan rabon ba. A sura ta farko ta Littafin Ayuba, manzanni huɗu ne suka iso ƙofar mutumin a yini guda, kowane yana shigowa kafin na gabansa ya rufe baki. Na farko ya ce mahara sun faɗa wa shanu ana cikin huɗa, sun kore su har da jakuna, sun karkashe barori. Na biyu ya ce wuta ta faɗo daga sama ta cinye tumaki da makiyayansu. Na uku ya ce wasu maharan sun rabu kashi uku sun kwashe raƙuma. Na huɗu ya kawo wanda ya fi duka: iska ta taso daga jeji ta kifar da gida a kan 'ya'yansa goma suna cikin cin abinci. Ɓarayin shanu, aradu, ɓarayin raƙuma, guguwa. Biyu daga hannun mutum, biyu daga sama, an saƙa su bi da bi, Ayuba kuwa bai tsaya tantance wanne na wa ba.

Mutumin Kebbi ba ya bukatar a yi masa fassarar wannan sura. A daminar 2020 ruwa ya shanye gonakin shinkafa da hukumomi suka ƙiyasta sun kai hekta 450,000. Ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin ruwa ɗauke da mutane fiye da 150 ya tsage a kogin Kwara kusa da Warrah, 'yan kaɗan ne suka fita da rai. Kwana takwas bayan haka aka kashe mutum 88 a ƙauyukan Danko/Wasagu, bisa ƙidayar 'yan sanda. Bayan mako biyu kuma aka kwashe ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yauri. Sai masifar da ba ta shiga jarida: manomin da ya bar gonarsa ta jeji saboda tsoro, ya taƙaita ga 'yar gonar bayan gida, sai kuma ruwa ya ɗauke ƙafa dawa tana shirin yin ciki. A da in gona ɗaya ta ƙi, wata za ta rufa asiri. Yanzu babu watan. Yunwar da za ta shiga gidansa kafin sabon hatsi ya nuna, ta sama ce ko ta 'yan bindiga?

Wannan tambaya ta riga 'yan mishan zuwa. Kakannin Dakarkari da Fakkawa da Dukkawa da Kambari suna da hanyarsu: in ruwa ya ƙi sauka ko annoba ta shigo, dattawa su zauna su bincika wace al'ada aka keta, wa ya keta ta, a yi yanka a gyara. In shekara ta yi kyau a yi Uhola a gode. A shekarun 1920 'yan mishan ɗin da suka haifi ikilisiyar UMCA suka kafa tasha a Zuru. Abin mamaki, tushensu daga cikin Mennonawan Kanada da Amurka yake, mutanen da aka sani da ƙin ɗaukar makami, sai ga shi sun dasa coci a mahaifar sojoji. Daga baya Katolika da ECWA da Baptis suka yaɗu, yau kuma Katolikan Zuru suna ƙarƙashin Bishop na Kontagora. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, Hausa kuwa ita ce harshen sujada a yawancin majami'un yankin. A Zuru ba abin mamaki ba ne ka ga wa Musulmi, ƙane Kirista, uwa ɗaya uba ɗaya. In aka zo jaje bakinsu ɗaya: Allah ya ba da haƙuri, Allah ya kiyaye gaba, Allah ya mai da alheri. Sai an tona ƙarƙashin gaisuwar ake ganin amsoshin da Kirista yake riƙe da su, kuma su ma Kiristocin ba bakinsu ɗaya ba.

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce: hukunci ne, zunubinmu ne ya jawo. Ba daga iska masu wa'azi suka tsinto ta ba. Ga ruwan tsufana a zamanin Nuhu, ga Saduma, ga annabi Amos yana cewa an hana wa wani gari ruwa an ba wani don mutane su farga, ga Yowel da farin da suka cinye ƙasa yana kiran azumi. Amsar tana da daɗin riƙewa, domin tana ba mutum abin yi. In laifi ne ya jawo, tuba za ta kawar. Ta kuma yi daidai da tunanin kakanni, wanda ya sa ba ta sha wahalar shiga coci ba.

Matsalarta ita ce da wuya mai faɗinta ya nufi kansa. Kullum zunubin na wasu ne: matasa masu shaye-shaye, matan da suka bar ɗaura ɗankwali, ƙauyen da bai bar tsafi ba, ko masu ɗaya addinin. Kuma Yesu da kansa ya taka mata birki a wurare biyu. A Luka sura 13 an kawo masa labarin Galilawan da Bilatus ya kashe suna cikin miƙa hadaya, shi kuma ya ƙara da na mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo a kansu. A nan ma an haɗa biyun, takobin mai mulki da ginin da ya rushe. Ya tambayi masu sauraro ko suna zaton matattun sun fi sauran mutane zunubi, ya amsa da kansa cewa a'a, sannan ya juya kiran tuba a kan masu ba da labarin. A Yohanna sura 9 almajiransa suka ga wanda aka haifa makaho, suka tambaya laifin wa ne, nasa ko na iyayensa. Ya ce ba ko ɗaya. Littafin Ayuba kuwa gaba ɗayansa shari'a ce a kan wannan amsa. Abokan Ayuba, Elifaz da Bildad da Zofar, sun kwashe surori suna matsa wa Ayuba ya fito da laifin da ya ɓoye, maganarsu cike da sunan Allah, kowace jimla kamar a ɗora ta a kan mumbari. A ƙarshe Allah ya ce su ne ba su faɗi gaskiya game da shi ba, sai ma Ayuba ya yi musu addu'a.

Ya kamata a ce Kiristoci sun fi kowa tsoron wannan amsa, domin su aka fara yankawa da ita. Wajen shekara ta 197, Tartuliyan, malamin Kirista ɗan Kartaj a Tunisiya ta yau, ya koka cewa in kogin Tiber ya yi ambaliya, ko Nilu ya ƙi cika, ko aka yi girgizar ƙasa ko yunwa ko annoba, nan take jama'a za su ce a jefa Kiristoci ga zaki, su ne suka fusata alloli. Duk da haka al'adar ba ta mutu ba. Da girgizar ƙasa ta rugurguza Haiti a Janairun 2010, mai wa'azin talabijin na Amurka Pat Robertson ya ce wai kakannin mutanen ƙasar ne suka ƙulla yarjejeniya da Shaiɗan, Kiristoci da dama suka yi tir da shi. A gida kuwa, a mako guda na Nuwamban 2025, an kwashe 'yan mata 25 daga makarantar gwamnati ta Maga a Danko/Wasagu ranar 17, ranar 21 kuma aka kwashe yara da malamai fiye da 200 daga makarantar Katolika ta Papiri a jihar Neja. Wanda ya iya karanta hukunci daga masifa, sai ya gaya mana zunubin wane ɓangare aka hukunta a wannan makon. A ganina Kirista yana da damar bincika kansa in masifa ta same shi. Littafinsa bai ba shi damar karanta wa maƙwabcinsa takardar laifi daga gawar ɗansa ba.

Amsa ta biyu ta fi zurfi, ita ake koyarwa a makarantun Littafi Mai Tsarki. Allah ya halicci duniya da kyau, ya ba mutum 'yancin zaɓi, mutum ya yi tawaye, ɓarnar ta shafi har ƙasar da yake takawa, ta fara tsiro da ƙaya. Manzo Bulus a Romawa sura 8 ya kwatanta dukan halitta da mace mai naƙuda, tana nishi tana jiran ranar 'yanci. Wanda ya gina wannan tunani ya tsaya da ƙafarsa ɗan Afirka ne, Agustin, bishop na Hippo a gaɓar Aljeriya ta yau, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430. A wurinsa mugunta ba halitta ba ce da Allah ya ƙera, tawaya ce a cikin abu mai kyau, kuma Allah ba zai ƙyale ta ba in da bai isa ya fitar da alheri daga cikinta ba. Bambancin wannan amsa da ta farko babba ne: ruwan da ya ci gonarka bai zo da sunanka ba, kana zaune ne a duniyar da ta karkace, mai kirki da mugu duk suna jiƙewa.

Wannan ya yi bayanin ɗan bindiga sarai. Allah bai ɗaure hannunsa ba saboda bai ɗaure hannun kowa ba. Wajen ambaliya ne amsar take ɗan ɗingishi, shi ya sa wasu malaman Kirista na zamani suke ƙara da cewa duniyar da za a iya noma a cikinta dole ta kasance mai ƙa'ida. Cikar kogin da ke shimfiɗa laka a fadamar Argungu, har shinkafa ta yi, ita ce dai cikar da in ta ƙaru take cinye shinkafar. Ruwa ba zai ɗauki kwalekwale yau, gobe kuma ya ƙi nutsar da wanda aka yi wa lodi fiye da ƙima ba. Da Allah ya amsa wa Ayuba daga cikin guguwa, bai ce masa komai a kan dalilin wahalarsa ba. Ya zagaya da shi ne cikin halitta: ruwan da ke sauka a jejin da ba kowa, jakin jeji, jimina, da wasu manyan dabbobi biyu da masu fassara da dama suka ɗauka dorina ce da kada. Manomin Yauri da dorina ta kwana tana kiwo a shinkafarsa zai gane saƙon ko da bai ji daɗinsa ba: duniyar ba don shi kaɗai aka yi ta ba.

Akwai inda wannan muhawara ta taɓa juyawa a Turai, juyin kuma ya shafe mu. Da safiyar 1 ga Nuwamba, 1755, ranar bikin dukan tsarkaka, majami'un Lisbon babban birnin Fotugal suna cike, ƙasa ta girgiza, teku ta biyo baya, wuta ta ƙarasa. Dubun-dubatar mutane suka mutu. John Wesley, wanda ya kafa Methodist, ya rubuta cewa hukunci ne. Voltaire na Faransa ya yi shaguɓe, yana tambaya ko Lisbon ta fi Landan da Paris lalacewa. Sai Rousseau ya rubuta masa wasiƙa a 1756 ya ce a daina ɗora wa sama komai, ai ba Allah ne ya cusa gidaje 20,000 masu hawa shida da bakwai a wuri guda ba.

Mu ma mu yi wa kanmu wannan tambaya. Jirgin Warrah iska ce kaɗai ta tsaga shi, ko tsufa da lodin mutane da babura, ba rigar ruwa, ba mai dubawa? Ambaliyar Mokwa ta 29 ga Mayu, 2025, wadda ta kashe fiye da mutum 150 a Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, ruwan sama ne ya kawo ta, amma wa ya bar magudanai a toshe, wa ya sa hannu aka yi gini a hanyar ruwa? NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, hukumar NIHSA tana fitar da jerin wuraren da ambaliya za ta iya shafa. Su nawa ne cikin waɗannan takardu suke isa ga mai unguwa? Ba abin da ke ba ni haushi kamar jami'in da ya sauko daga jerin motoci da buhunan shinkafa, ya tsaya a kan kango ya ce wannan nufin Allah ne, a yi haƙuri. Kalmar a bakin wanda ya yi rashi ibada ce. A bakin wanda aka ba kuɗin gada mafaka ce. Littafin Farawa ya nuna wata hanya. Da aka sanar da Yusufu fari na zuwa, bai zauna binciken zunubin Masarawa ba, cewa ya yi a tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona shekara bakwai. Dakarkari, masu gina rumbun yumɓu har da zane a jikinsa, ba su bukatar a koya musu wannan. Abin takaicin shi ne rumbun ne mahara ke fara cinna wa wuta.

Amsa ta uku ita ce wadda tsofaffin ikilisiya suka fi so: gwaji ne, horo ne, kamar yadda uba yake horon ɗan da yake ƙauna. Tana nan a wasiƙar Yakubu da ta Ibraniyawa, kuma nan ne Kirista ya fi kusa da ɗan'uwansa Musulmi mai cewa jarrabawa ce, yana tuna haƙurin Annabi Ayuba. Wasu masana sun faɗaɗa ta, irin su John Hick a 1966, wanda ya jingina da Iraniyus na ƙarni na 2, ya ce duniya wurin ƙera hali ce, in babu haɗari babu jarunta, in babu rashi babu kyauta. Da gaskiya a ciki. Amma yaron da ya nutse a Warrah wane hali aka ƙera masa? In kuma an ce don iyayensa su koyi wani abu ne, wane uba ne zai yi koyarwa da ran jikansa? C. S. Lewis na Birtaniya ya rubuta littafi mai kaifi a 1940 yana bayanin amfanin azaba. Da kansa ta kashe matarsa a 1960, ya sake rubuta wani ɗan ƙarami, inda ya ce ya ƙwanƙwasa ƙofar Allah ya ji kamar an rufe an sa sakata. Bai bar bangaskiya ba, amma muryarsa ta sauya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In gwauruwa ta ce, bayan shekaru, wannan abu ya matso da ni kusa da Ubangiji, ba mai ja da ita. In baƙo ya gaya mata haka ranar jana'iza, ya zama Elifaz.

Sababbin coci-cocin da suka cika garuruwa suna da tasu. A wurinsu masifa harin Shaiɗan ce ko aikin maƙiyi, maganinta kwanan addu'a, azumi, man shafawa, wani lokaci da shuka iri a hannun mai wa'azi. Ba zan raina wanda ya kwana yana kuka ga Allah ba. Sai dai in aka fara neman maƙiyi, a cikin gida ake samunsa, galibi kuma tsohuwa ce mara gata ake liƙa wa maita. A Littafin Ayuba, Shaiɗan ya bayyana a surori biyu na farko, bai iya komai sai da izini, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Surori 40 da suka rage, Ayuba da Allah yake shari'a.

A nan muka iso inda Kirista da Musulmi suka rabu hanya, kowa da girmansa. Kirista ya gaskata cewa Allah bai tsaya daga nesa yana ba da dalili ba, ya shigo cikin wahalar da kansa. Yesu ya yi kuka a kabarin abokinsa Li'azaru, an kama shi da dare, an yi masa shari'ar zalunci, a kan gicciye kuma ya ɗaga murya da kalmomin Zabura 22 yana tambayar Allah don me ya yashe shi. Jürgen Moltmann, wanda daga baya ya zama malamin tauhidi, yana ɗan shekara 17 yana aikin bindigar kakkaɓo jirage a Hamburg, a Yulin 1943, lokacin da bama-baman Ingila suka ƙone birnin, mutum wajen 40,000 suka mutu. Bam ya tarwatsa abokinsa da ke tsaye kusa da shi, shi ya tsira. A sansanin fursunonin yaƙi aka ba shi Littafi Mai Tsarki, abin da ya kama shi kuwa zaburoyin kuka ne da wannan kira na kan gicciye. Littafinsa na 1972 a kan Allah da aka gicciye ya tayar da ƙura, domin tsofaffin ikilisiyoyi suna koyar da cewa Almasihu ya sha azaba ne cikin mutuntakarsa, allahntaka ba ta jin ciwo. Malamai na nan suna ja. Matar da aka kashe wa miji a gona ba ruwanta da jayayyar. Abin da ta riƙe shi ne wanda take yi wa addu'a ya san yadda ake kashe marar laifi, kuma kabarinsa bai riƙe shi ba.

Daga nan ne wani abu yake fitowa wanda nake ganin majami'unmu sun yi sakaci da shi, wato izinin yin ƙara. Kusan kashi ɗaya cikin uku na zaburoyi 150 kuka ne da ƙorafi. Zabura 88 ta ƙare ba tare da ko kalma ɗaya ta ta'aziyya ba. Akwai littafi sukutum mai suna Makoki. Annabi Habakuk ya buɗe nasa da tuhuma, yana tambayar har yaushe zai yi ta ihun ana kisa ba a cece shi ba, sai a ƙarshe ne ya ce ko gona ta ƙi, ko garke ya zama wayam, zai yi murna da Allahnsa. Mu kan karanta ƙarshen mu tsallake farkon. Tarbiyyarmu ta ƙasar Hausa ta haƙuri ce, in mai rashi ya ɗaga murya nan da nan a ce masa ya yi shiru kada ya yi saɓo. Amma Ayuban da ya la'anci ranar haihuwarsa, ya nemi a ba shi ranar shari'a da Mahaliccinsa, shi ne aka ce ya faɗi daidai.

Waɗanda suka fi fahimtar wannan, a lurata, ba masu digiri ba ne, matan Zumunta ne. In an yi rashi, ko guguwa ta yaye rufi, ko iyali sun iso daga ƙauye da 'yan ƙunshin kaya a ka, za ka gan su sun jero da zane iri ɗaya, wannan da mudun dawa, waccan da ƙunshin busasshiyar kuɓewa, wata da daurin itace. Shugabarsu ta durƙusa gaban mai gidan ta ce, “Sannu, Mama. Ya haƙuri?” A amsa mata, “Da godiya.” Iyakar tauhidin ke nan. Sai wata ta ɗauki tsintsiya, wata ta cika randa, a ɗora tukunyar tuwo. Can da yamma a jawo tulun kiɗa, a riƙa dukan bakinsa a hankali, a yi waƙa ɗaya ko biyu, in kuka ya zo a bar shi ya fito. Wasu su kwana. Maƙwabciya Musulma ta shigo da ƙwaryar fura, a matsa mata wuri a tabarma. Abokan Ayuba ma sun yi haka kwana bakwai, suna zaune a ƙasa ba wanda ya ce uffan, kuma duk littafin ba a zarge su da wannan makon ba. A sura ta ƙarshe, farfaɗowar Ayuba ta haɗa da 'yan'uwa da abokai da suka zo suka ci abinci a gidansa, kowa ya ba shi kuɗi da zoben zinariya. Gudummawa ke nan, irin wadda ikilisiyar Antakiya ta tara wa Yahudiya da aka yi annabcin yunwa a zamanin Kalaudiyas.

Fastoci da katikis na ƙauyukan Danko/Wasagu da Sakaba suna da wata tambayar da ta fi ta falsafa gaggawa. Masu ƙarfi sun kwashe iyali zuwa Ribah da Zuru, tsofaffi da marasa kuɗin mota sun rage. Shi mai kiwon ikilisiya ya bi waɗanne? Yana da mata da 'ya'ya, kuma ya san kuɗin fansar fasto ya fi na manomi tsada. An taɓa yi wa Agustin wannan tambaya. Da mayaƙan Bandal suka ƙetaro daga Sifen a 429 suna ƙone garuruwan Arewacin Afirka, wani bishop mai suna Honoratus ya rubuta masa yana tambaya ko ya halatta limamai su gudu. Agustin ya amsa cewa in jama'a duka sun tashi, limami ya bi su. In shi kaɗai ake farauta kuma akwai mai riƙe aikin, ya ɓuya. Amma muddin akwai waɗanda suka rage suna bukatarsa, kada ya bar su. Shi kansa yana da shekara 75, garinsa cike da 'yan gudun hijira. Bai fita ba. Ya rasu ranar 28 ga Agusta, 430, a wata na uku da Bandal suka yi wa Hippo ƙawanya.